Allon da Na Karanta Daga Dama

Shekarar da ƙafar wana ta kumbura, ruwan shuka ya same mu a garin asibitin mishan, nesa da ƙauyenmu na wajen Bangi. Ƙaya ce ta soke shi a tafin ƙafa tun da rani, ya raina ta, ga kuma ciwon sukari da bai san yana ɗauke da shi ba. Kafin mu kai shi yatsu biyu sun yi baƙi. Lokotoro ya cire su, sannan ya gaya mana a fili, ta bakin majo, ma'aikacin jinya mai fassara, cewa in wana ya zauna ana wanke ciwon kullum har ya rufe, da yardar Allah zai taka ƙafarsa. In kuwa ya koma ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa da ita, to a gwiwa za a yanke.

Gadajen asibiti na waɗanda ba su iya tashi ne, saboda haka aka sallame mu zuwa cikin gari, mu riƙa zuwa wanki kowace safiya. Wani dattijo Kirista ya ba mu ɗaki a gidansa, kusa da zaure. Mutum ne mai sanyin magana, yana ɗingishi kaɗan, yana da ɗan amalanken jaki da yake ɗebo ruwa da shi. A kan amalanken nan muke ɗora wana da safe, ni ina riƙe da ƙafar kada ta bugu.

Ni ne ƙane. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya raba mu tun muna yara, ya ba wana gona, ni ya ba ni karatu. Na girma ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina jan salla a masallacin unguwa, ina raɗa wa jarirai suna. Hannuna ya san alƙalami da tawada, ya manta ƙotar hauya. Hatsin da ake dakawa a gidana daga rumbun wana yake fitowa, kuma bai taɓa goranta mini ba, sai dai tsokana. Malam yake ce mini, amma da wata irin murya da ke sa matarsa dariya.

Jinyar mutumin da bai saba zama ba aiki ne. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi bida, wato ci-rani, tun bayan kaka, ba su da niyyar dawowa a wannan damina. A gida sai matarsa da ƴan mata biyu. Kullum da hantsi zai sa in kira ta a waya, ya tambayi labarin gabas, ko hadari ya haɗu, ko an ji ƙamshin ƙasa, ko irin da ya rataye a rumbu yana nan ɓera bai taɓa ba. In ta ce ba a yi ruwa ba, ya yi tsaki. In ta ce an ga walƙiya wajen Buza, ya fi yin tsaki. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ƙirga azarar ɗakin, ya ce tabarmar tana cizo. Ni ma ban da sukuni, don na san shi. In ya ƙudura abu, ba a rana ɗaya yake faɗa ba.

A bayan ƙofar ɗakin akwai wani allo jingine, fuskarsa ga bango, tsawonsa ya kai ƙugun mutum. Ran nan, don gajiya da zama, wana ya ce in juyo shi mu gani. Takarda ce mai sheƙi aka manna a kan katako. A sama akwai wani dogon mutum tsaye, sanye da riga mai kaushi ruwan ƙasa, ya ɗaure ƙugu da igiya, ƙafafunsa ba takalmi. Fuskarsa doguwa, idanunsa ƙanana, an zagaye kansa da wani abu kamar faifai. Bayansa ba sama ba ƙasa, sai ruwan zinari zalla, duk ya tsattsage kamar bakin tabki da rani. A ƙarƙashin ƙafafunsa kuma an jera gidaje biyar ƙanana, kamar gidajen hatimi, kowane da mutanensa.

Da mai masaukinmu ya leƙo, muka tambaye shi. Ya ce a shekarun da Italiyawa suke Keita, ana jera duwatsu a kan tuddai ana dasa itatuwa, shi ne mai dafa musu abinci. Da za su tafi ɗaya daga cikinsu ya bar masa wannan. Hoton wani tsohon allo ne da ke ƙasarsu, na wani mutum da suke ɗauka waliyyi. Ya ce su a majami'arsu ba su rataya irin wannan, al'adar ƴan Katolika ce, fastonsu ma ba ya so. Amma kyauta ce, bai iya jefar da ita ba, shi ya sa ta ƙare a ɗakin baƙi. Ya faɗi haka ya fita, jakinsa na jira.

Raina bai kwanta da hoton mutum a ɗakin da muke salla ba. Na san abin da malamanmu suka koya mana a kan haka. Na so in mayar da shi yadda na same shi, wana ya hana. Muka yi sulhu: in lokacin salla ya yi in juya shi ga bango, in an sallame in juyo masa abinsa.

“To Malam,” in ji shi, “tunda kai aka ba karatu, karanta muna.”

Babu rubutu ko ɗaya a jiki. Na durƙusa, na ɗora yatsa a gidan da ke hannun dama, inda duk abin da na taɓa karantawa a duniya yake farawa. Ban yi shawara da kaina ba, hannun ne ya je can.

A gidan nan mutumin yana kwance a kan wani katako, idanu rufe, mutane sun kewaye shi, wasu sun ɗaga hannu sama. Na ce ga shi nan ciwo ya kayar da shi, ƴan'uwa na yi masa addu'a. A gida na biyu yana tsaye da ƙyar, mutum biyu sun tallafe shi, ga sanda a hannunsa. Na ce ya fara tashi. A na uku ya durƙusa gaban wani mai gyambo yana wanke masa ƙafa a cikin kasko. Na ce ya warke, yana godiya ga Ubangiji ta hanyar jinyar wasu. A na huɗu shi da wani tsoho suna riƙe da wata jar riga mai kyau, kowa da gefensa. Na ce an ba shi tukuici. A na ƙarshe, can hannun hagu, ga shi kan farin doki cikin jar rigar, a ƙofar wani dogon gida, wani dattijo na tsaye yana dubansa. Na ce ya koma gidan ubansa lafiya.

Wana ya sa na matso da allon kusa da tabarma. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce mutanen sun fi gidajensu tsawo, ko ta ina suke shiga. Ya ce duwatsun kamar na hanyar Buza, amma ko karan hatsi ɗaya babu, to me suke ci. Dokin ma bai tsira ba, ya ce ƙafafunsa kamar na zakara. Sannan ya lura cewa mutumin yana ƙara ƙuruciya daga gida zuwa gida, har gemunsa ya ɓace a kan doki. Na ce lafiya ke nan, tana mayar da tsoho yaro, gemu kuwa wanzami ya sha aiki. Ya yi dariya, karo na farko tun da aka cire yatsun.

Daga ranar allon ya zama abin auna kwanakinsa. In mun dawo daga wanki, majo ya ce ciwon ya fara ja, sai ya tambaye ni yau yana gida na nawa. In ce har yanzu na farko. Ran da aka ba shi sanda, ya taka daga bakin zaure zuwa ɗaki, ni a dama mai masauki a hagu, da kansa ya ce ya shiga na biyu.

Sai ruwa ya sauka. Mu ma ya same mu, da la'asar, har ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Washegari matarsa ta ce a can ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu, gari duka ya fita da sungumi. Wana bai ci abinci ba ranar. Ya ce in nemo mota. Na ce ya tuna maganar lokotoro. Ya ce lokotoro ba ya cin tuwon hatsi. Na ce maƙwabta za su taimaka. Ya ce wa zai bar gonarsa da danshi ya je ta wani, kuma kafin su gama ƙasa ta bushe. Sai na jawo allon, na nuna masa cewa mutumin nan bai yi tsalle daga gida na biyu zuwa kan doki ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya harare ni, amma ya kwanta. Kwana uku ina riƙe shi da wannan magana, ina ƙara wa labarin gishiri, har na ba mutumin mata da ƴaƴa masu jiransa.

A rana ta huɗu mai masaukinmu yana gyaran igiyar jaki a bakin ƙofa, ya ji ni ina bin gidajen da yatsa. Ya jira sai da na fito alwalar azahar. Ya jawo ni gindin itacen bedi, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

“Malam, daga ina kake soma karatun allon nan?”

Na ce daga farko.

“Farkonsu yana hagu,” in ji shi. “Kamar takardar lakkol, ta ƴan boko.”

Ya ba ni labarin yadda Ba'italiyen ya ba shi. Ɗan mai arziki ne, ya fita daga gidan ubansa a kan doki. Ya gamu da matalauci, ya tuɓe jar rigarsa ya ba shi. Ya ƙare rayuwarsa cikin riga mai kaushi yana wanke miyakun marasa lafiya. Ya tsufa, ciwo ya kama shi. Gidan da ke hannun dama, wanda na mayar da shi farkon jinya, gawarsa ce. Ya ƙara da cewa ainihin allon an yi shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a kan katakai da aka haɗa, mai zanen yana dama launinsa da gwaiduwar ƙwai, kuma an kafa shi ne a wurin ibadarsu domin waɗanda ba su iya karatu ba su bi da ido. Ya ce in bai faɗa mini ba, zai ji kamar ya ci amanar wanda ya ba shi, amma ba lalle wana ya sani ba.

Na yi sallar azahar ran nan hankalina ba ya tare da ni, sai da na sake ta. Da ban sani ba, kuskure ne. Yanzu da na sani, in na maimaita, ƙarya ce, kuma ƙarya a kan mamaci, ko da ba na addinina ba ne. In kuma na faɗi gaskiya, na nuna wa mai ciwo cewa hanyar da yake auna kansa da ita a makara take ƙarewa. Na fita na bi bakin gudron, babban titin kwalta, har wajen masu loda albasa, na tsaya ina kallon manyan motoci ba tare da ina ganinsu ba, na dawo, na sake fita. Na yi tunanin mai zanen. Ni da ƙaro nake dama tawadata, shi da ƙwai, dukanmu a kan itace muke aiki, kuma na san zafin mutum ya tsara abu a jere wani ya zo ya birkita masa. Kwana biyu wana yana cewa in karanta, ina cewa kaina na ciwo. Da an sallame salla sai in yi kamar na manta ban juyo allon ba.

Ruwa na biyu ya zo da safe, muna dawowa daga wanki. Na bar shi a ɗaki na je sayo hura. Da na dawo na tarar da ɗan kabu-kabu a ƙofar gida, injinsa na aiki. Ashe ta taga wana ya yi magana da shi tun jiya, zai kai shi tasha ya hau motar Madawa. A ciki na same shi zaune, ya sa rigarsa, ya zura ƙafar mai bandeji a cikin leda ya ɗaure da tsumma. Allon yana juye gabansa, shi ya jawo shi da sanda.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ruwa biyu sun wuce, in na uku ya wuce ba a sa iri ba, gida biyu ne za su yi shekara suna kallon rumbu wayam, nasa da nawa. Ya nuna allon da haɓa. Ya ce mutumin nan ya tashi, ya koma gida, shi ma ya riga ya shiga gida na biyu, sauran ukun zai ƙarasa su a gona. Allah da ya tashi wancan bai manta da shi ba.

A nan na ga abin da na riƙe shi da shi ya zama abin da zai tafi da shi. Na sallami ɗan kabu-kabu, na ce ya ba mu zuwa anjima. Na zauna a ƙasa.

“Yaya, na yi kuskure. Allon nan ba daga dama ake karanta shi ba. Mutumin bai warke ba, mutuwa ya yi.”

Ya dube ni, ya dubi allon. Ya ce in sake karantawa yadda masu shi suke yi. Na ɗora yatsa a hagu, hannuna na jin baƙunta, na bi gidajen kamar yadda mai masauki ya faɗa mini, doki, riga, kasko, sanda, makara. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Na jira ya yi fushi, ko ya karaya, ban san wanda na fi tsoro ba.

Ya miƙa sanda ya taɓa gida na biyu daga hagu, wurin jar rigar.

“Wanga da ya tuɓe riga, lahiya tai lau lokacin?”

Na ce ƙalau, saurayi ne ma.

“Kuma ba shi taɓa aikin wahala ba?”

Na ce da alama bai taɓa ba, ɗan gata ne.

“To ashe ba labarina ba ne, Malam. Ni ina da jar riga? Kwana nawa kana nuna mani wurina cikin allon ga, kai ba ka ga naka ba.” Ya kama bakin farar rigata da yatsu biyu ya girgiza. “Ga mai riga nan zaune.”

Na buɗe baki in ce shekara talatin rabona da sungumi, in ce wa zai kai shi wanki, in ce masallaci. Ko ɗaya bai fito ba, don tun ranar ruwan farko ya kamata wannan tunani ya zo mini, kuma bai zo ba. Na yi ta neman abin da zan gaya masa ya zauna, ban taɓa tambayar kaina abin da zan yi ba.

Mai masaukinmu, da muka kira shi, ya ce kai wana asibiti ba wani abu ba ne, jakin ya riga ya san hanya, matarsa kuma za ta riƙa dafa masa abin da majo ya yarda ya ci. Wana ya sa shi ya yi alkawarin tashinsa da asuba, ya kuma nuna masa yadda ake juya allon ga bango kafin salla. Dattijon ya ce ya ji, ya ɗauka. Da hannunsa wana ya kwance ledar daga ƙafa. Ɗan kabu-kabun da ya zo ɗaukarsa ni ya ɗauka.

Na isa ƙauye da almuru. Matar wana ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaya ko wasiƙa na zo rubuta wa gonar. Da safe ta ba ni tsohon wandonsa da sungumi. Ni ke gaba ina sara, ita da ƴan matan suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ƙuraje, kafin azahar sun fashe. Layina yana tafiya yana karkata kamar hanyar awaki, masu wucewa suna tsayawa su gaishe ni da Malam sannu da aiki, su wuce suna dariya. Kowace la'asar waya za ta yi ƙara, wana ne, yana tambayar taki nawa nake bari tsakanin rami da rami, ko mun kai wajen gawon da ke tsakiya, ko mun bar kwarin nan na dawa. Ni kuma in tambaye shi ko ya je wanki. Sai in ji muryar dattijon daga baya yana cewa ya je, har ya yi wa majo gardama. Kwana huɗu muka yi, gefen tudu ya riga ya bushe, muka bar shi sai ruwa na gaba.

Ban sake ganin allon ba. Ban san matsayin mutumin da ke jikinsa a wurin Allah ba, Shi ne masani, kuma har yau ba na ajiye hoto a ɗakina.

Ciwon ya rufe lokacin da hatsi ya kai gwiwa. Mota ta sauke wana a bakin kasuwa, ya ƙi hawa amalanke, ya tako da sanda, ƙafar a cikin wani babban takalmi da aka yanka wa baki. Bai shiga gida ba sai da ya biya ta gona. Majo ya hana shi shiga danshi har kaka, don haka a kan iyaka ya tsaya, a kan ƙafafunsa biyu, yana bin layukan da ido. Na tsaya gefe ina jira. Ya ce ramukan sun yi kusa da juna, kuma ba mu cire da kyau ba, gindi ɗaya kara shida, haka hatsi ba ya yin kai. Ya ce in zo gobe da sassafe, shi zai zauna a nan yana nunawa da sanda, ni in shiga. Da gari ya waye na zo.